Wane irin aiki malaman Mohawk ke yi idan aka ce suna farfaɗo da harshensu?

Wata ɗalibar kimiyyar harshe da ke ajin ƙarshe a jami'a ce ta aiko da tambayar. Ta ce ta ci karo da tarihin wani malami ɗan ƙabilar Mohawk a Kanada, an rubuta cewa fanninsa shi ne farfaɗo da harshe da ilimi a cikin al'umma. Tana son ta san wane irin aiki ne wannan, me ya raba shi da aikin masanin harshe da muka saba gani, sannan ko ana ganin amfaninsa, ko kuwa takardu kawai ake tarawa harshen yana ci gaba da mutuwa.

Ƙanwata, a taƙaice aikin irin wannan malami shi ne yaye masu magana da harshen. Masanin harshe da kika sani yakan shiga gari da rikoda, ya zauna da tsofaffi, ya fitar da nahawu da ƙamus, ya koma ofishinsa. Aiki ne mai daraja, kuma ba na raina shi ko kaɗan. Amma ranar da ya gama, yawan masu jin harshen bai ƙaru ko da mutum ɗaya ba. Su waɗannan malamai na Mohawk tambayarsu daban ce: ta yaya za a ɗauki baligi ɗan shekara 25, wanda ya tashi ko gaisuwa bai iya da harshen kakanninsa ba, a mayar da shi wanda zai iya renon ɗansa da wannan harshe? Digirori da kujerun jami'a daga baya suka zo, kuma saboda wannan tambayar aka nemo su. Sai dai ba za ki gane abin da ya sa suka tsaya a kan baligi ba sai kin bi sawunsu, don ba da shi suka fara ba.

Mohawk sunan da maƙwabta da Turawa suka ba su ne. Su da kansu Kanien'kehá:ka suke kiran kansu, wato mutanen ƙasar dutsen ƙyastu, harshensu kuwa Kanien'kéha. Suna cikin tsohuwar tarayyar nan ta Haudenosaunee tare da Oneida, Onondaga, Cayuga da Seneca, daga baya Tuscarora suka shigo suka zama shida. Asalin mazauninsu yana cikin jihar Niyu Yok ta yanzu, amma bayan yaƙin neman 'yancin Amurka, inda da yawansu suka goyi bayan Ingila, sun rasa wannan ƙasa. Yau suna zaune a garuruwa warwatse: Kahnawà:ke a tsallaken kogi daga Montreal, Kanehsatà:ke kusa da Oka, Tyendinaga da Wáhta da Six Nations a lardin Ontariyo, sai Akwesasne wadda iyakar Kanada da Amurka ta ratsa ta tsakiyarta. Ki riƙe wannan warwatsuwar a ranki, don kowane gari da karin harshensa, kuma kowane da irin raunin da ya ji.

Abin da ya karya harshen ba abu ɗaya ba ne. Na farko da kowa ke ambata shi ne makarantun kwana na tilas da gwamnatin Kanada da majami'u suka gudanar, inda aka kai yaran 'yan asalin ƙasa kimanin 150,000, aka raba su da iyayensu, ana hukunta duk wanda aka ji yana yarensu. Akwai ɗaya a garin Brantford, dab da Six Nations, mai suna Mohawk Institute, wadda ta yi fiye da shekara ɗari tana aiki kafin a rufe ta a 1970. Yaran da suka zauna a cikinta sun yi mata laƙabi da sunan wani tsinkakken kunu da ake ba su kullum. Yaron da aka dake shi saboda ya yi magana da harshen uwarsa, idan ya girma ya haihu, sai ya ga ƙaunar da zai nuna wa ɗansa ita ce kada ya ɗora masa abin da ya jawo masa bulala. Da yawa haka suka yi, kuma ba na ganin laifinsu. Makarantun jeka-ka-dawo da ke cikin garuruwan ma da Turanci suke koyarwa. Ga kuma neman abinci: mazan Kahnawà:ke da Akwesasne sun shahara wajen haɗa ƙarafan gadoji da dogayen benaye, har a rushewar gadar Kebek a 1907 mutum 33 'yan Kahnawà:ke suka rasu a rana ɗaya. Wannan sana'a ta kai iyalai da dama Brooklyn da wasu biranen Amurka, yara suka tashi cikin Turanci. Talabijin ta zo ta ƙarasa. Zuwa shekarun 1970 sai aka wayi gari kakanni suna magana, iyaye suna ji amma ba sa mayarwa, jikoki kuwa ba ji ba mayarwa.

Martanin farko ta hanyar yara ya zo, kuma siyasa ce ta hura wutarsa. A 1977 lardin Kebek ya kafa dokar kare Faransanci da aka fi sani da lamba 101, wadda ta taƙaita wanda zai iya shiga makarantar Turanci. Mutanen Kahnawà:ke suka ce ba wanda zai nemi takardar izini a hannunsu a kan ƙasar kakanninsu. A 1978 ɗalibansu suka fice daga babbar sakandaren garin Châteauguay da ke maƙwabtaka da su suka taka da ƙafa zuwa gida, aka buɗe musu tasu makarantar, Kahnawake Survival School. A shekarar ce kuma aka kafa cibiyar harshe da al'adu ta garin. Ganin yadda Faransawan Kebek suka tsaya tsayin daka a kan harshensu ya sa mutane suka tambayi kansu: to mu namu fa? Kuma a Saint-Lambert, ba nisa da su, tun 1965 ake gwada wata dabara ta koya wa yaran masu jin Turanci Faransanci ta hanyar tsunduma su cikinsa, wato a koya musu lissafi da kimiyya da komai da harshen da ake son su iya. Malaman Kahnawà:ke suka ɗauko dabarar suka juya ta zuwa Kanien'kéha.

A nan ne za ki ga samfurin farko na irin malamin da kike tambaya a kai, kuma mace ce: Karihwénhawe Dorothy Lazore, 'yar Akwesasne, wadda tana cikin waɗanda suka kafa karatun tsunduma a Kahnawà:ke. Ki duba faɗin aikinta. Ta koyar a aji, ta shugabanci makaranta, ta horar da malamai, ta rubuta kayan karatu a lokacin da babu ko littafin lissafi ɗaya da harshen. Labarinta ya kai har tsibiran Hawayi, inda masu fafutukar ceto harshensu suka gayyace ta a shekarun 1980 ta taimaka musu lokacin da suke shirin buɗe ajujuwan tsunduma na firamare. Sannan a 1993 ita ce ta haɗa rahoton babban taron daidaita ƙa'idojin rubutu da aka yi a Tyendinaga, wanda ya tara dattawa da malamai daga garuruwan Mohawk.

Wannan taro ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Harshen haruffa 12 kacal yake amfani da su, babu b, babu m, babu p a kalmominsa na asali, sai alamomin tsawon wasali da karin sauti da hamza. Inda aka sha bamban shi ne, garuruwan gabas suna rubuta wani sauti da i, na yamma suna rubuta shi da y. Shi ya sa za ki ga Kanien'kéha a wani wuri, Kanyen'kéha a wani. Niá:wen a nan, nyá:wen a can, duk godiya ce. Ba su tsaya sai wani ya kayar da wani ba, suka bar kowa da nasa, aiki ya ci gaba. Na sha ganin kwamitocin rubutun ƙananan harsuna a ƙasarmu sun shafe shekaru suna jayayya a kan harafi ɗaya, dattawan da za a tambaya suna ta rasuwa, shi ya sa wannan hukunci nasu yake burge ni.

A Akwesasne iyaye ne da kansu suka kafa makarantar da suka kira Freedom School a 1979, ana tsakiyar wata taƙaddama da hukumomin jihar Niyu Yok, daga baya ta koma koyarwa da harshen zalla. Manhajarta a kan wani dogon jawabin godiya na gargajiya aka gina ta, Ohén:ton Karihwatéhkwen, wato kalmomin da ke zuwa kafin komai. Da safe yara sukan taru, ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya fara: a gode wa mutane da suka hallara lafiya, a gode wa ƙasa, sai ruwaye, sai kifaye, sai ciyayi da 'ya'yan itatuwa, sai masara da wake da kabewa, sai tsirran magani, dabbobi, bishiyoyi, tsuntsaye, iskoki, tsawa, rana, wata, taurari, har a kai ga Mahalicci, kowane sashe a rufe shi da cewa yanzu zukatanmu sun zama ɗaya. Darasin kimiyya na wannan zangon sai ya bi jerin: idan an zo kan ruwaye, a tafi bakin kogin Saint Lawrence a koyi sunayen kifaye da abin da masana'antu suka zuba a cikinsa. Kuɗin tafiyar da makarantar kuwa, wani kaso daga gwanjon barguna ɗinkin hannu da iyaye ke yi duk shekara yake fitowa. A Six Nations ma an buɗe Kawenní:io a 1986, tana koyarwa da Mohawk da Cayuga.

To, bayan shekara ashirin ana wannan, sai gaskiya mai ɗaci ta bayyana. Yara suna iya harshen a aji, amma da an tashi sai su koma gidajen da ba mai amsa musu. Filin wasa Turanci, talabijin Turanci, uwa Turanci. Idan suka wuce sakandaren Turanci, abin da suka tara sai ya fara zubewa. Malaman da ke riƙe da ajujuwan kuwa mafi yawansu waɗanda suka sha harshen a nono ne, suna tsufa suna ritaya, babu na bayansu. Masanin nan Joshua Fishman ya riga ya yi gargaɗi tun 1991 cewa makaranta ba ta iya maye gurbin gida, cewa harshe yana rayuwa ne idan iyaye suna miƙa shi ga 'ya'yansu a cikin hidimar yau da kullum. Mutanen Mohawk sun ga wannan da idonsu. Giɓin yana tsakiya: masu shekara 20 zuwa 40, waɗanda su ne ke haihuwa kuma su ne za su zama malamai.

Nan Owennatékha Brian Maracle ya shigo. Ɗan jarida ne, ya yi aiki a gidan rediyon CBC, ya yi mafi yawan rayuwarsa a wajen garinsu, sai ya dawo Six Nations a farkon shekarun 1990 ya koyi harshen yana babba. A 1999 shi da matarsa Onekiyóhstha suka buɗe makarantar manya mai suna Onkwawén:na Kentyóhkwa. Shekarun farko ba su ba da abin da ake so ba. Tunanin da kowa ke da shi a lokacin shi ne, a tara masu koyo da dattawa a ɗaki ɗaya, a hana Turanci, harshe zai shiga da kansa. Ga yaro ƙarami hakan na yiwuwa. Ga baligi kuwa, a harshe irin wannan, sai ya yi wata da watanni yana haddace kalmomi amma ya kasa ƙulla jimlar kansa.

Dalilin yana cikin ginin harshen, kuma ke da kike karanta tasarifi za ki ji daɗin wannan. A Kanien'kéha kalma ɗaya takan ɗauki abin da Hausa za ta faɗa da jimla guda. Wa'kenaktahní:non na nufin na sayi gado: wa' yana nuna abin ya auku, ke shi ne ni, nakt saiwar gado ce, hninon kuwa saye. An cusa sunan a cikin cikin aikatau. Wakilin suna ma ba kalma ce mai zaman kanta ba, ɗafa-goshi ne da ke nuna mai aikatawa da wanda aka aikata wa a lokaci guda, kuma irinsu gommai ne. Ɗauki saiwar so, nòn:we's. Kenòn:we's, ina son abin. Senòn:we's, kina son abin. Ranòn:we's, yana so. Konnòn:we's, ina son ki. Takenòn:we's, kina so na. Rinòn:we's, ina son shi. Khenòn:we's, ina son ta. Sannan harshen yana bambanta mutum ɗaya da biyu da masu yawa, yana kuma raba "mu" da ta haɗa da wanda ake yi wa magana da "mu" da ta cire shi: tewanòn:we's mu duka har da ke, iakwanòn:we's mu ban da ke. Saiwa ɗaya tana iya haifar da dubban siffofi. Wanda ya ce zai haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar kalmomin Turanci, ba zai gama ba har ya tsufa.

Maganin ya fito ne daga aikin wani malami ɗan Tyendinaga, David Kanatawakhon Maracle, wanda ya daɗe yana koyar da harshen a jami'ar Western Ontario yana kuma rubuta ƙamusoshi da littattafan nahawu. Shi ya tsara koyarwa ta hanyar saiwa: kada a ba ɗalibi kalma, a ba shi guntayen da ake gina ta da su da dokar haɗa su. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta sarfu, ya rera fa'ala, fa'alaa, fa'aluu har bakinsa ya saba, ya san wannan hanyar. Da ka riƙe awo, ko wace saiwa aka ba ka za ka juya ta. Owennatékha ya ɗauki wannan ya mayar da shi manhajar magana, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Har launi suka sa wa rukunonin ɗafa-goshin: ja ga wanda ke nuna mai aikatawa, shuɗi ga wanda abin ya faɗa wa, shunayya ga wanda ya haɗa mutum biyu. A makonnin farko ɗalibi zai wuni yana juya aikatau ɗaya tak da hotunan mutane a gabansa: wa ke son wa, shi yana son ta, ita ba ta son shi, su biyun suna son mu? Malami ya jefo tambaya, ɗalibi ya amsa nan take, ba rubutu ba fassara. Abu ne mai gajiyarwa, kuma da gangan ake hana shi tsalle zuwa hira mai daɗi kafin wannan harsashi ya kafu.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne darasin da ya fi kowane girma. Shirin na shekara biyu ne, cikakken wuni, Litinin zuwa Juma'a, jimilla kimanin awa 2,000. Ɗalibi yakan ajiye aikinsa ko ya dakatar da karatunsa, a riƙa ba shi ɗan alawus. Ki yi lissafi da kwas ɗin harshe na jami'a, awa uku a mako na makonni 26 a shekara: awa 78 ke nan. Kafin ki tara awa 2,000 a wannan tafiyar sai kin yi fiye da shekara 25. Shi ya sa ajin yamma na sau ɗaya a mako, komai kyawun niyyar masu shi, gaisuwa da ƙirga da sunayen dabbobi kawai yake bayarwa. Kuma ba su yarda a auna nasara da jin daɗi ba. Sun ɗauko ma'aunin ƙwarewar magana na ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka, ACTFL, inda ake zaunar da ɗalibi a yi masa hira a naɗa, a ga matakin da ya kai: mai haɗa kalmomi ne, ko mai jimloli, ko wanda zai iya ba da labarin abin da ya faru jiya da abin da zai yi gobe ba tare da ya sarƙe ba. Kahnawà:ke ta buɗe nata shirin manyan, Ratiwennahní:rats, a 2002, shekara uku bayan garin ya kafa dokar harshensa. Tyendinaga, inda masu harshen na asali suka kusa ƙarewa ƙaf, ta gina nata a ƙarƙashin ƙungiyar harshen garin mai suna Tsi Tyónnheht Onkwawén:na, da gidan renon jarirai da firamare da ajin manya.

Daga waɗannan ajujuwa ne malaman jami'a na wannan zamani suka fito, kuma tafiyarsu kusan iri ɗaya ce. Ryan DeCaire ɗan Wáhta ne, ƙaramin gari da aka kafa a 1881 lokacin da wasu iyalai suka yi ƙaura daga Kanehsatà:ke. Ya koyi harshen yana babba a Onkwawén:na Kentyóhkwa, ya zama malami kuma mai tsara manhaja a can, sannan ya samu kujera a Jami'ar Toronto, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Hawayi da ke Hilo a kan rawar da tsunduma manya ke takawa. Tehota'kerá:tonh Jeremy Green, wanda ke Jami'ar York, shi ma a Hilo ya yi nasa, kuma ya yi bincike a Six Nations a kan hanyoyin da suka fi fitar da masu magana. Kahtehrón:ni Iris Stacey ta Kahnawà:ke ta yi aikin manhaja a hukumar ilimin garinsu, ta yi digiri na biyu a fannin farfaɗo da harsuna a Jami'ar Victoria, inda ta duba halin waɗanda suka gama shirin manya da abin da suke buƙata don su ci gaba. Kin ga yadda zaren ya zagayo: Hawayi da ta nemi taimakon Lazore a shekarun 1980, yau ita ke ba jikokin aikinta digirin dakta.

Abin da ya raba su da masanin harshe na al'ada abu uku ne da nake gani a aikace. Al'umma ce ke kawo tambayar binciken, ba muhawarar da ake yi a mujallu ba. Muryoyin dattawan da aka naɗa mallakar garin ne, kuma ana naɗarsu ne da tunanin mai koyo: ba jerin kalmomi kawai ba, hira ta gaske, yadda ake tsokana, yadda ake rarrashi, yadda ake ba da labari. Sannan sakamakon yana komawa aji kafin ya je wurin taro. Wannan bai sa sun ɗauki masana na waje abokan gaba ba. Marianne Mithun ta yi aiki da malaman Mohawk tun shekarun 1970, kuma bayaninta na nahawu ya amfane su ƙwarai. Hukumar bincike ta ƙasar Kanada ma ta haɗa hannu da Onkwawén:na Kentyóhkwa suka ƙera wata manhajar kwamfuta mai suna Kawennón:nis, wadda za ki zaɓi saiwa da mai aikatawa da lokaci ta fitar miki da cikakkiyar kalmar. Makarantar ce ta faɗi abin da take so, masu kwamfuta suka bi.

Kada ki ɗauka hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Jami'a tana ƙara wa mutum girma ne da maƙalun da ya buga da Turanci, ba da awannin da ya yi yana juya aikatau da ɗalibai goma a ƙauye ba, don haka kullum malamin yana rabe tsakanin iyayen gida biyu. Akwai kuma haɗarin jami'o'i su kwashe ƙwararrun da garin ya sha wuya ya yaye, su bar ajujuwan gida babu malami. Kuɗi na zuwa ne shekara-shekara, sai an rubuta takardar neman tallafi, ba a san ko na baɗi zai fito ba. Makarantar Kawenní:io ta yi shekaru tana karatu a saman benen wani ɗakin wasan lakuros, wato wasan ƙwallo da sanda mai raga, don ba ta da ginin kanta. Majalisar Kanada ta zartar da dokar harsunan 'yan asalin ƙasa a 2019, bayan hukumar gaskiya da sasantawa da ta binciki makarantun kwana na tilas ta fitar da shawarwarinta 94 a 2015, kuma a 2017 wani ɗan majalisa Bature, Marc Miller, ya yi jawabi da Kanien'kéha a zauren majalisar bayan ya koya ta darussan intanet na makarantar Owennatékha. Abubuwa ne masu faranta rai, amma ba su ne ke biyan alawus ɗin uwa mai goyo da ta bar aikinta shekara biyu ba.

Wata matsalar ta fi waɗannan zurfi, kuma su da kansu suke faɗinta. Wanda ya koya yana babba, ko nahawunsa ya daidaita, sau da yawa dattawa sukan ji cewa tunanin Turanci ne sanye da kalmomin Mohawk. Karin muryar ya bambanta, ƙananan kalmomin da ke ɗaure zance su ba shi armashi sun yi ƙaranci, salon barkwanci ya ɓace. Shekara biyu tana kai mutum bakin ƙofa ne kawai; abin da zai shigar da shi ciki shi ne zama da dattawa na shekaru, kuma dattawan suna tafiya. Shi ya sa bincike na yanzu ya karkata ga yadda za a ɗaga mai matsakaiciyar ƙwarewa zuwa ƙololuwa, da gaggauta naɗar hirar tsofaffi.

To ana ganin amfani? Amsar tana da fuska biyu kuma dole a faɗe su tare. Waɗanda suka sha harshen a nono, bisa ƙididdigar da masu aikin suka yi gari-gari, ba su kai dubu ba, mafi yawansu tsofaffi ne, Akwesasne ce ke da kaso mafi girma, kuma adadin raguwa yake yi kowace shekara. Makarantun manya ɗalibai kaɗan suke iya ɗauka a zango, ba su kai yawan waɗanda ake binnewa ba. A ɗaya fuskar kuma, akwai abin da babu shi shekara talatin da suka wuce: matasan da suka gama waɗannan shirye-shirye sun yi aure, sun haihu, suna yi wa jariransu magana da Kanien'kéha tun ranar farko. A Six Nations da Kahnawà:ke yau akwai yaran da shi ne harshensu na farko, bayan an yi zuri'a biyu ko fiye ba a samu irinsu ba a gidajensu. A Kahnawà:ke akwai gidan reno da ake zuwa uwa da ɗanta tare, akwai shirin talabijin na 'yar tsana mai suna Tóta tánon Ohkwá:ri da yara ke kallo. Da yawa daga cikin malaman firamaren tsunduma na yanzu daga ajin manya suka fito. Ban ce harshen ya tsira ba. Na ce sarƙar da ta tsinke an sake ƙulla ta a wasu gidaje, kuma an san yadda aka yi.

Tunda da Hausa muke wannan magana, akwai abin da bai kamata mu kauce masa ba. A yankinmu Hausa ce babban harshen da ƙanana ke narkewa a cikinsa. Auyokawa da Teshenawa na ƙasar Jigawa ta yau harsunansu sun tafi, haka Shirawa da Ajawa a Bauchi, kuma akwai wasu da dama a Bauchi da Gombe da Filato da kudancin Kaduna da ke kan wannan hanya. Ba a yi mana makarantun tilas irin na Kanada ba. Kasuwa da auratayya da zaman birni ne ke yin aikin a hankali, shi ya sa ba a jin ƙararsa. Idan wannan fanni ya ja hankalinki, kada ki fara da kwafo manhajar Mohawk, don an yi ta ne domin harshe mai irin nasu ginin da al'ummar da ta riga ta rasa iyaye masu magana, kuma tana da tsada. Ki fara da abin da su ma sai daga baya suka gane muhimmancinsa: ki zaɓi gari ɗaya, ki bi gida-gida, ki rubuta wa ke magana da harshen, shekarunsa nawa, da wa yake yin ta. Ki nemo mace mafi ƙarancin shekaru da ke yi wa ɗanta faɗa da rarrashi da harshen. Idan 'yar shekara 22 ce, aikinki na rubutu ne da littattafan yara da shigar da harshen aji da rediyo, kuma da sauran lokaci. Idan kuwa kika tarar ta haura 50, to giɓin da Owennatékha ya tarar a Six Nations ne a gabanki, kuma sai kin fara tunanin inda za a samo awa 2,000 da abin da matasa goma za su ci kafin su cika su.